Abubuwan da ya kamata ka sani kan yadda waya ke cinye kati a ƙasar waje

Sara, a jihar Jigawa, ba garin bakin iyaka ba ne. Mutumin Sara ya fi saurin tsintar kansa a jihar Bauchi a kan ya ga shingen kwastan, shi ya sa ake ɗaukar maganar romin, wato aikin layinka a wata ƙasa, tamkar damuwar masu yawon duniya. Amma kowace shekara maniyyata daga Sara da Gwaram da Birnin Kudu suna tashi ta filin jirgin Dutse zuwa Saudiyya, ga masu Umarar azumi, ga fatake da direbobin da ke bin hanyar Maigatari. Kukansu kusan iri ɗaya ne: an loda kati mai kauri kafin tafiya, ba a kira kowa ba, kafin a gama sauke kaya a masaukin Madina babu ko sisi.

Me ke faruwa da layinka idan jirgi ya sauka?

MTN da Airtel da Glo ba su da turakun sabis a Jidda ko Madina. Da ka kunna waya, sim ɗinka zai nemi kamfanin gida ya rasa, sai ya maƙale wa na masu masauki: STC, ko Mobily, ko Zain. Kamfanin can zai tuntuɓi naka na Nijeriya ya tabbatar layin na gaske ne, sannan ya buɗe maka hanya. Duk wannan a cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da an nemi izininka ba. Alamarsa ita ce saƙon barka da zuwa, da sunan wani kamfani a saman waya, wani lokaci da ƙaramin harafin R kusa da sandunan sabis.

Daga nan kai baƙo ne, kuma ana rubuta duk abin da ka taɓa. Kamfanin Saudiyya ya caji naka a kan farashin sari da suka yi yarjejeniya, naka ya ɗora ribarsa ya zare daga katinka.

A Turai da Amurka, inda mutane da yawa ke biya a ƙarshen wata, abin kan zo ne a takardar bashi mai tayar da hankali. Mu da muke loda kati kafin mu yi amfani, namu ba ya zuwa da takarda. Kuɗin ne kawai ke ɓacewa, mutum ya yi ta zargin an yi masa kutse.

Me ya sa tsadar ta kai haka?

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: datar da ka saya a gida, ta wata ce ko ta mako, galibi ba ta aiki a waje. Tana nan ajiye kwanakinta na tafiya, ita kuwa wayar tana ɗiba daga kuɗin kira a kan farashin megabait ɗai-ɗai, wanda shi ne mafi tsada a duk tsarin kamfani.

A gida, ko bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wanda ya sayi data a dunƙule yana samun megabait ɗaya a kan naira guda ko ƙasa da haka. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa a waje ana cajin naira 100 kan kowane megabait. Giga ɗaya megabait dubu ne da 'yan kai, ya zama sama da naira 100,000 ke nan. Katin naira 10,000 kuwa megabait 100 zai saya, abin da bai wuce hotuna talatin ko arba'in masu kyau ba.

Sai maganar canji. Kamfanonin ba da naira suke biyan junansu ba. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala guda tun 1986. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Alhajin da ya je a 2019 yake ba da labarin cewa da layinsa na gida ya yi ta waya ba matsala, gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar ta tsufa.

Ban taɓa wayar ba, wa ya ci kuɗin?

Nan ne maganar take. Babbar waya ba ta jiran a latsa ta. An kashe ta awa biyar ko fiye a jirgi, ana kunnawa, in saitin wayar ya bar ƙofa a buɗe, sai komai ya taso lokaci guda. WhatsApp ya fara sauke abin da aka tara: zauren dangi, zauren 'yan kasuwar Sara, zauren maniyyatan ƙaramar hukuma, kowanne da bidiyon wa'azi da hotunan rakiya. Play Store ya ga manhajoji goma na jiran sabuntawa. Hotunan da aka ɗauka a gindin jirgi suka kama hanyar ma'ajiyar Google. Facebook da TikTok na jawo bidiyo tun kafin a buɗe su. Mai wayar kuwa yana layin duba fasfo, wayar na cikin aljihu.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne dattijon da 'ya'yansa suka saya wa sabuwar waya saboda tafiyar. An kai ta shagon masu caji an zuba mata manhajoji, an nuna masa inda ake amsa kiran bidiyo, shi ke nan. Ba wanda ya leƙa saiti. Alhali maganin maɓalli ɗaya ne: a cikin saitin sim akwai inda aka rubuta "Data roaming", a kashe shi tun ana gida. Idan a kashe yake, kira da saƙon tes za su shiga, intanet kuwa ba zai bi ta layin ba.

Akwai ƙananan ramuka biyu. Wasu wayoyin, idan wayifai na otal ya yi rauni, sukan koma kan datar sim da kansu, kuma duk wanda ya kwana a masaukin alhazai ya san yadda wayifai ke zama idan mutum ɗari suka hau shi bayan Isha'i. Na biyu, waya mai sim biyu kan iya sauya layin data ita kaɗai. Duka biyun ana kashe su a saiti.

Amsa kira ma da kuɗi

A gida mun saba mai kira ne ke biya. A waje ba haka ba ne. Wanda ya kira ka daga Gwaram ya biya kuɗin kiran cikin gida, ragowar tafiyar daga Nijeriya zuwa Makka kai ake caja, sai in kana kan wani tsari da ya yafe maka. Ka tuna yawan masu kiran Alhaji ranar Arfa suna neman a sa su a addu'a.

Sai kuma 'yan gida su ji layin Baba ya daina shiga, ɗa mai kirki ya ruga wajen mai POS ya tura kati na dubu biyar. In dai ba a kashe datar ba, ɗiban ruwa ne da rariya. Wani ma har ya ci bashin kati, ya dawo gida a riƙa zarewa.

To, a cire sim ɗin a bar shi a gida?

A'a, kuma wannan shawarar ce na fi ganin tana cutar da mutane. Layinka na Nijeriya shi ke ɗaure da asusun banki. Alat da lambar sirrin da banki ke turowa kafin kuɗi su fita, duk ta nan suke zuwa, kuma karɓar saƙon tes a waje galibi kyauta ne. Barin sim ɗin a hannun wani na tsawon wata guda ko fiye ma wata kasada ce.

Tsarin da ya fi dacewa da mai dogon zama shi ne layi biyu. Na gida ya zauna a waya, datarsa a kashe, da ɗan kati kaɗan a ciki. Sai ka sayi sim na Saudiyya a shagon kamfani, da fasfonka da zanen yatsanka, ka mai da shi na data da kiran abokan tafiya. Kada ka karɓi wanda aka yi wa rajista da sunan wani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambarka ta Nijeriya ko da intanet na zuwa ta sabon sim. In ya tambaye ka ko za ka sauya lamba, ka ce a'a. Kiran murya ta WhatsApp bai cika cin megabait ɗaya a minti ba, na bidiyo kan ninka haka sau da yawa.

Mai tafiyar kwana biyu ko uku zai iya sayen datar romin a dunƙule daga kamfaninsa, wasu ma kan fito da ta musamman lokacin Hajji. Ka kira 300 ka tambayi abu uku: wace ƙasa ta shafa, wane kamfani za ka hau a can, da abin da zai faru idan ta ƙare. Tambaya ta ukun ce mai muhimmanci, domin nan ne ake komawa kan farashin ɗai-ɗai ba sanarwa mai ƙarfi.

A ganina wannan ya cancanci minti goma a wajen bita. Hukumar jin daɗin alhazai ta Jigawa tana koya wa maniyyata ɗaura harami da tsare guzuri, yanzu kuma da katin Nusuk da manhajoji suka shigo harkar Hajji, waya ta zama kayan aiki.

Romin ba tare da fasfo ba

Sabis bai san iyaka ba. Wanda ya je cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ƙafarsa na Nijeriya, in sabis ɗin gida ya yanke wayarsa na iya kama na Nijar: Airtel ta can, ko Moov, ko Zamani. Ganin sunan Airtel kada ya ruɗe ka, kamfanin Nijar daban yake da lissafinsa, sai ka tambayi tsarin da ke tsakaninsu. MTN kuwa ba ta da reshe a Nijar. Maganin a nan shi ne ka cire wayar daga zaɓen sabis da kanta, ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Ina hukuma a cikin lamarin?

Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta ranar 15 ga Yuni, 2017. A Disambar shekarar ita ma ECOWAS ta zartar da ƙa'idar sauƙaƙa shi, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara a tsakaninsu. Nijar, wadda ita ce ta fi shafar mutanen Jigawa, ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Saudiyya kuwa dama ba ta cikin kowace irin wannan yarjejeniya da mu.

Idan ka tabbata datarka a kashe take amma aka zare maka kuɗi, kana da hanyar ƙorafi. Ka duba kati da *310# kafin tashi ka ɗauki hoton allon, ka adana saƙonnin da suka shigo bayan sauka. Ka fara kai kuka wajen kamfaninka, ka nemi lambar ƙorafi da cikakken bayanin abin da aka caja da lokacinsa. In ba su warware ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne, za su tambaye ka lambar da kamfanin ya ba ka.