Hoton baƙi da fari: me ya sa na kamarar zamani ba ya kama da na da?

A gidaje da dama na Yamai da Damagaram har yau akwai tsofaffin hotunan baƙi da fari rataye a bango, na aure ko na sallah. Irinsu ne Philippe Koudjina ya riƙa ɗauka a Yamai a shekarun 1960 da 1970, kuma irinsu ne suka kai Malick Sidibé na Bamako ga samun babbar lambar yabo ta Venise a 2007. Yanzu matasan masu ɗaukar hoto na son maido da wannan kama, amma da sun danna maɓallin cire launi sai hoton ya fito kamar toka, fuska ta dushe, farar shadda kuma ta ƙone.

Matsalar tana farawa tun wajen ɗauka. Fim, irin su Kodak Tri-X da ya fito a ƙaramin nadi a 1954, yana karɓar haske mai yawa a hankali, shi ya sa ko a tsakar rana ake ganin aikin zare a jikin farar riga. Kamarar zamani kuwa idan haske ya wuce iyakarta, wurin ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta maido shi. Don haka a auna haske da rigar, ko da fuska za ta ɗan yi duhu. Ita ana iya gyara ta daga baya, in dai da RAW aka ɗauka. JPEG matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, kuma wannan ratar ce ke ba mai gyara damar ɗaga duhu ba tare da hoton ya lalace ba.

Sai batun launi. A Lightroom, ko darktable da RawTherapee da ake samu kyauta, ana iya cewa kowane launi ga hasken da zai koma. Fatarmu tana ɗauke da ja da ruwan lemu, don haka ɗaga su kaɗan na haskaka fuska, rage shuɗi kuma na duhunta sararin sama, aikin da jan gilashi ke yi a bakin kamarar da. Amma a nan ne da yawa ke wuce gona da iri, su haskaka amarya har danginta su kasa gane ta, alhali kyan hotunan Sidibé shi ne baƙar fata ta fito baƙa, da sheƙinta.

Daga nan a lanƙwasa layin haske kaɗan, a ƙara ƙarfi a tsakiya, a sassauta wajen fari. A kuma bi hoton da hannu, a haskaka nan a duhunta can, kamar yadda masu wanki ke kare haske da tafin hannu a ɗakin duhu.

Tsaki-tsakin nan na fim shi ne na ƙarshe, bayan an tsai da girman hoton. Kaɗan ya isa. Kuma in ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin fayil, domin matsewar da manhajar ke yi wa hotuna tana mayar da tsakin dabbare-dabbare.