Ɗinkin bakin bargo

A ƙasarmu, watannin Disamba da Janairu su ne tsakiyar ɗari. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Lokacin nan kowa yana neman abin rufa. Kakanninmu da gwado da luru suke rufa, waɗanda masaƙa suke saƙawa da zaren auduga. Yau kuwa kasuwanninmu cike suke da wani bargo mai laushi, marar nauyi, wanda da Faransanci ake ce wa "polaire".

Wannan bargo ba na auduga ba ne, ba kuma na gashin tumaki ba. Da zaren poliyesta ake yin sa, watau zaren da ake samu daga man fetur. Wata masaƙa ta Amurka mai suna Malden Mills ce ta fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1980. Daga baya har da tsofaffin gorunan roba aka shiga narkarwa ana yin zarensa.

Ku ɗauki ƙyallen atamfa ku yanka, ku ja bakinsa. Za ku ga zare yana zazzarewa. Dalili shi ne, zaren atamfa wani a tsaye yake, wani a kwance, almakashi kuwa ya sake su. Yanzu ku yanka ƙyallen poler. Ba ya zazzarewa, domin saƙarsa irin ta safa ce da hular sanyi: zarge cikin zarge. To, me ya sa ake ɗinke bakinsa? Saboda yana miƙewa. In aka bar bakin haka nan, da ja da wanki sai ya nannaɗe, ya saki, bargo ya karkace. Kalmasa kuma ba ta yi masa kyau, don yana da kauri, ninki biyu sai ya yi tudu. Ɗinkin bakin bargo shi ne maganin abin. Yana riƙe bakin, yana kuma ƙawata shi.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi, da alli, da ma'auni, da zaren ulu, da babbar allura mai tsini, mai faɗin kafa.

Da farko a shimfiɗa bargo bisa tabarma, a daidaita bakinsa da almakashi. Sa'an nan a ja layi da alli, santimetir 1 daga baki. Bisa layin a ɗiga alama kowane santimetir 1. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, amma daga nesa ake gane aikinsu.

A yanki zare kamar tsawon hannu, kada ya wuce metir 1, don dogon zare yakan harɗe. A ƙulle bakinsa. A sa allura daga baya ta fito a alamar farko. A zagaya bakin bargo, a sake fitowa ta wannan rami, a ratsa allura cikin zargen da ya samu a baki. Zare ya kafu ke nan.

Yanzu sai ainihin ɗinkin. Bakin bargo yana fuskantar mai ɗinki, ana tafiya daga hagu zuwa dama. Bahago sai ya fara daga dama. A soka allura daga sama a alama ta gaba, tsininta ya leƙo ta ƙarƙashin baki. Kafin a ja, a duba da kyau: dole zare ya kwanta ƙarƙashin tsinin allura. Nan sirrin yake. In zare yana ƙarƙashi, da an ja sai ya kama kansa, ya kwanta a bakin bargo kamar igiya. In an manta, sai ya nannaɗe bakin kawai, ba abin da ya riƙe shi. Idan ɗinki ya yi daidai, yakan yi kama da haƙoran matsefi.

A ja a hankali. Bargon yana miƙewa, zaren ulu kuwa ba ya miƙewa kamarsa. Wanda ya ja da ƙarfi, bakin bargonsa zai tattare, kuma ran da aka ja bargo cikin barci zare ya tsinke. A kusurwa ana soka allura sau 3 cikin rami ɗaya: ɗaya kafin kusurwa, ɗaya a kanta, ɗaya bayanta. In zare ya kusa ƙarewa, a ƙulle shi a zargen ƙarshe, a tura saura ƙarƙashin ɗinki ta baya, a fara sabo daga nan.

Zare nawa za a saya? Bari mu yi lissafi. Bargon jariri mai tsawon metir 1 da rabi, faɗi metir 1, kewayensa metir 5 ne, watau santimetir 500. Soki 500 ke nan. Kowane soki yana cin kamar santimetir 3: ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ɗaya a baki. Duka ya kama metir 15. A ƙara metir 2 saboda ƙulli.

Wannan bargo ba ya shiri da wuta. Poliyesta narkewa yake yi, ya manne wa fata. Da daren ɗari, in an shigo da kaskon garwashi ɗaki, a nisantar da bargo daga gare shi, balle wanda aka lulluɓe jariri da shi. Kada a goge shi da dutsen guga. A wanke shi da ruwan sanyi, a shanya, ba ya daɗewa yake bushewa.