Turancin Jarrabawa Dabam Yake Da Na Kasuwa

Kowace shekara idan aka fito da sakamakon jarrabawar ƙarshe ta makarantun sakandare, akan ji kuka iri ɗaya a unguwannin Hausawa na Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, da Ama Hausa a Owerri, da Bogobiri a Kalaba. Kukan kuwa shi ne yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya ci sauran darussa, amma Turanci ya kayar da shi. Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne, sau da yawa wannan yaro shi ne tafintan gidan. Shi ke raka uba banki, shi ke raka uwa asibiti, shi ke ciniki da baƙi a rumfa. To, yaya wanda ya iya Turanci haka zai faɗi jarrabawar Turanci?

Amsar ita ce Turancin da ake magana da shi a tasha da kasuwa dabam yake da wanda ake rubutawa a takardar jarrabawa. Kuma babu inda wannan bambanci ya fi fitowa fili kamar sashen nan na auna fahimta, watau inda ake ba ɗalibi wani rubutu da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa.

Abin Da Ke Rataye Da Turanci

Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, an kafa ta a 1952, kuma babban ofishinta na Nijeriya yana Yaba a Ikko. Hukumar NECO, mai hedkwata a Minna, an kafa ta a 1999, ta soma shirya tata jarrabawar a 2000. Ita kuwa JAMB, wadda ke tace masu neman shiga jami'a, tun 1978 take aiki. Duk ukun sun mai da Turanci tilas. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai yana da kiredit biyar, kuma lalle Turanci ya kasance cikinsu. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya sami D7 ko E8 a Turanci an ce ya haye, amma hayewar ba ta buɗe masa ƙofar jami'a, ko da sauran takardunsa duk A1 ne.

A 2014 kashi 31.28 cikin 100 kaɗai na waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC ta makarantu suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. A 2024 adadin ya kai kashi 72.12, sa'an nan a 2025, bayan hukumar ta gyara wani kuskure da ta gano wajen ba da maki, ya tsaya a kashi 62.96. Watau ko a shekarar da aka yi abin kirki, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na yaran sun koma gida ba cikakkiyar takarda. Ga magidancin da ke sayar da goro, ko tireda, ko aikin gadi, sake biyan kuɗin jarrabawa ba ƙaramin nauyi ba ne. Da yawa daga nan karatun yake tsayawa, yaro ya koma rumfa ko ya hau babur, yarinya kuwa a soma zancen aurenta.

Yadda Takardar Take

Bisa manhajar da WAEC ta daɗe tana aiki da ita, Turanci takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa a kan kalmomi da nahawu, maki 40. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furuci, maki 30. Ta biyu ita ce babba, mai maki 100 cikin awa biyu: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. A sashen auna fahimta rubutun ba ya gaza kalmomi 300, kuma an shawarci ɗalibi ya ba shi minti 30. A sashen taƙaitawa rubutun yakan kai kalmomi 500, a cikin minti 40. In aka haɗa waɗannan sassa biyu, maki 50 ke nan cikin 170, kusan sulusin jarrabawar, duk sun dogara ga iya karanta abu a gane shi.

A wajen JAMB kuwa, wadda ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, Turanci yana da tambayoyi 60 cikin 180, kuma awa biyu ake bayarwa. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Mai jan karatu da yatsa, yana motsa leɓe kalma bayan kalma, lokaci zai cinye shi tun bai kai rabi ba.

Inda Ake Tuntuɓe

Ɗan Arewa da ya tashi a Kudu yana da baiwar harsuna. Yana Hausa a gida, Yarabanci ko Ibo a unguwa, Larabci a makarantar allo da Islamiyya, buroka a kasuwa. Wannan ba aibi ba ne. Sai dai buroka tana da tarko, gama ta ari kalmomin Turanci ta ba su wata ma'ana. A buroka “dash” kyauta ce, a littafi kuwa yawanci rugawa da gudu ne. “Chop” a buroka cin abinci ne, a littafi sara ne ko daddatsawa. “Find” a buroka nema ne, a littafi samu ne. Yaro sai ya ga kalmar da ya saba da ita, ya ɗauka ya gane, alhali ya bi wata hanya dabam.

Ga misalin jimla irin wadda ake iya samu a takarda: “Although the price of kola rose sharply that season, the old trader, who had stored fifty baskets, refused to sell.” Ma'anarta ita ce ko da yake goro ya yi tashin gwauron zabo a wannan kaka, tsohon ɗan kasuwa, wanda ya ajiye kwando hamsin, ya ƙi sayarwa. Daga wannan jimla guda ana iya fitar da tambaya iri uku.

Ta farko, a ce me aka sa ran tsohon zai yi? Ba a rubuta amsar ko'ina ba. Kalmar “although” ce ta nuna cewa abin da aka saba gani shi ne a sayar idan kaya sun yi tsada. Wanda bai kula da irin waɗannan ƙananan kalmomi ba, kamar “however” da “yet” da “unless”, ba zai ga inda marubuci ya juya magana ba.

Ta biyu, a ce a kawo wata kalma da za ta maye gurbin “sharply” ko “refused”. Yaron da ya haddace cewa “sharp” kaifi ne sai ya nufi wajen wuƙa, alhali a nan “steeply” ake nema. A wajen “refused” kuma amsar ita ce “declined”. Wanda ya rubuta “decline” ya gane ma'ana, amma ya yar da makin, domin kalmar da ya kawo ba za ta zauna daidai a gurbin ba. Hanyar gwadawa ita ce a cire kalmar asali, a sa sabuwar, a sake karanta jimlar a ji ko ta tafi sumul.

Ta uku, a ce a faɗi sunan nahawu na “who had stored fifty baskets” da aikin da yake yi. Amsar ita ce “adjectival clause”, kuma yana siffanta sunan nan “trader”. Wannan tambaya kusan kullum tana fitowa, kuma ire-iren amsoshinta ba su da yawa, saboda haka maki ne da bai kamata ya kuɓuce wa wanda ya yi shiri ba.

Ban da waɗannan akwai ƙa'idodin masu duba takardu, waɗanda ɗalibai da yawa ba su sani ba. Wanda ya ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, ɗaya daidai ɗaya kuskure, da fatan mai dubawa zai zaɓi mai kyau, ba ya samun kome. Kuskuren nahawu a cikin amsar da ta yi daidai yana rage rabin maki. A sashen taƙaitawa kuwa dole a amsa da cikakkun jimloli, kuma wanda ya kwafo maganar marubuci ɗungurungum ya zuba, ba tare da ya tace ta ba, sifiri yake samu.

Yadda Za A Yi Horon

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da yake son ya ci wannan sashe, tun daga aji huɗu na sakandare ya kamata ya soma, kuma minti talatin a kowace rana ya fi awa biyar a ranar Lahadi kaɗai. Ya nemi littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ya ɗauki rubutu guda, ya ajiye agogo a gabansa. Ya karanta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa a kan kalma mai wuya ba, domin ya san inda aka dosa. Sa'an nan ya karanta tambayoyin, ya koma kan rubutun a hankali yana ja wa wuraren amsa layi da fensir. Daga nan ya rubuta amsoshinsa gajeru, ya rage minti biyar na dubawa. Sai ya gama duka kafin ya leƙa amsoshin da ke bayan littafi, kuma duk wadda ya faɗi ya tsaya ya gano dalili.

Idan ya gamu da baƙuwar kalma, kada ya yi saurin buɗe ƙamus, tun da babu ƙamus a ɗakin jarrabawa. Ya fara kintatar ma'anarta daga maƙwabtanta, ya rubuta abin da ya kintata, sa'an nan ya duba. Ya keɓe ɗan littafi na kalmomi, yana rubuta kowace tare da jimlar da ya same ta ciki, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta daɗewa a kai.

Wata dabara kuma ita ce bayan ya karanta sakin layi ya rufe littafi, ya faɗi abin da aka ce da Hausa cikin jimla ɗaya. In ya kasa, to bai gane ba tukuna. In ya iya, sai ya mai da jimlar zuwa Turancin kansa. Wannan shi ne ainihin aikin taƙaitawa. Kada a ɗauka Hausar za ta ɓata masa Turanci. A wani gwaji da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarabanci shekara shida ta firamare, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Yaron da ya saba bin zaren labari a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema.

Me Za A Karanta?

Tsofaffin tambayoyi suna koyar da salon jarrabawa, amma kalmomi da saurin karatu daga yawan karatu suke zuwa. Gara a fara da labarin da yaro ya san duniyarsa. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya wallafa The Passport of Mallam Ilia a 1960 da Burning Grass a 1962, dukansu a kan Arewa, da Turanci mai sauƙi. Akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, na 1977, da The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Daga nan sai a haura zuwa Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958. Masu shirin JAMB su tuna hukumar takan sa littafi guda da za a yi tambayoyi a kansa, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka fara a 2021, da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025. Sai a bincika wanda aka sa a shekarar da za a zauna, a karanta shi kansa, kada a dogara ga taƙaitawar da ake turowa ta waya.

Amma rubutun jarrabawa ba kullum yake zama labari ba. Yakan zo a kan lafiya, ko noma, ko tarbiyya, ko zaman gari. Saboda haka sharhin edita na jaridun Turanci abinci ne mai kyau, ko da jaridar jiya ce. Masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba da sauran garuruwa suna da araha, kuma ɗakunan karatu na gwamnati suna nan ga mai bukata.

Aikin Iyaye

Uban da bai yi boko ba yana iya taimakon ɗansa fiye da yadda yake zato. Yana iya ɗauke masa zaman rumfa na awa ɗaya bayan la'asar, uwa kuma ta rage wa 'yarta talla da aikin gida a shekarar jarrabawa. Yana iya sayen jarida ya ce yaro ya karanta masa labari guda ya fassara, sa'an nan ya yi masa tambayoyi irin na manya: wa ya faɗi haka, me ya sa, me ya biyo baya? Wanda ya san ciniki ya san lokacin da ake kewaye-kewaye, kuma zai gane in yaro yana laluben amsa ne.

Haka kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai suna da abin yi. Azuzuwan Islamiyya da yawa suna zama a rufe wasu sa'o'i na mako, ga kuma 'yan hidimar ƙasa da ɗaliban jami'a 'yan Arewa a kusan kowane babban gari na Kudu. In aka haɗa yara goma da malami guda da ƙamus guda, ranar Asabar da Lahadi, kuɗin da kowane gida zai bayar ba zai kai na sake jarrabawa ba. Ya kuma fi kuɗin da wasu ke kai wa makarantun da ke alkawarin satar amsa, gama hukumar takan riƙe sakamakon waɗanda ta zarga, ta soke na waɗanda ta kama, a yi asarar kuɗi da shekara gaba ɗaya. Iyayen da 'ya'yansu ke aji huɗu da aji biyar yanzu, su ne ke da sauran lokaci a hannu. Allah ya ba yaran sa'a, amin.