Neman bizar aiki: abin da ake tambaya a ofishin jakadanci

Kowace shekara, da an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu, samarin Tsibiri da Jiratawa da ƙauyukan Gulbin Maraɗi sai su shiga shirin tafiya biɗa. Yawancinsu Najeriya suke nufa, su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. A shekarar 1979 ƙasashen CEDEAO suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar har sai ta sake sanarwa.

To, wanda idonsa ya wuce nan, yana son aiki a Saudiya ko Turai, shi sai da biza. Biza izinin shiga ƙasa ne, ana liƙa ta cikin fasfo ko a ba da ita a takarda. Kuma iri-iri ce. Akwai ta Hajji, akwai ta Umra, akwai ta ziyara, akwai ta aiki. Wanda ya shiga Makka da bizar Umra ya ƙi dawowa ya kama aiki, shi ne ake ce ma takari. Kullum yana cikin ɓuya, ranar da aka kama shi kuwa sai gidan tsaro, sannan a sako shi jirgi. Bizar aiki ita ce ke ba mutum damar yin aiki a fili, kuma ba a ba da ita sai akwai wanda ya ɗauke shi aiki a can.

Ana fara neman biza tun daga gida. Sai da takardar haihuwa. Wanda ba a rubuta shi ba lokacin da aka haife shi, sai ya je gidan shari'a da shaidu a yi masa hukuncin da zai tsaya a madadinta. Da ita ake samun takardar ɗan ƙasa, da su biyun ake neman fasfo wajen ƴan sanda. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: wata takarda ta ce Isufu, wata ta ce Yusufa, ko shekarun haihuwa su saɓa. A gida duk mutum ɗaya ne, amma ga ma'aikacin jakadanci mutum biyu ne. A sa mai karatu ya gwama takardun tun kafin a hau mota. A nemi kuma katin allurar shawara. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Ofisoshin jakadancin ƙasashen waje a Yamai suke, tafiyar wajen kilomita 660 daga Maraɗi. Aljeriya tana da ƙaramin ofishi a Agadas. Faransa kuwa ta rufe nata na Yamai a watan Janairun 2024. Saboda haka kafin a sayar da rago a yi kuɗin mota, a tabbata ofishin yana aiki, kuma an ba mutum ranar zuwa.

Ba kowace ƙasa ke zaunar da mutum ta yi masa tambayoyi ba. Wasu takardu kawai suke dubawa, su ɗauki hoto da zanen yatsu. Inda ake tambayoyin, abin ba ya daɗewa. Mutum zai tsaya gaban taga, ma'aikacin yana ciki da fasfon a hannunsa. Wa ya ɗauke ka aiki? A wane gari? Wane irin aiki? Nawa ne albashin wata? Shekara nawa za ka yi? Wa ya biya kuɗin jirgi? Kana da iyali? Ka taɓa shiga ƙasarmu an koro ka?

Yawancin amsoshin nan suna rubuce a takardun da ke gabansa. Abin da yake son ya gani shi ne ko bakin mutum ya yi daidai da takardarsa. Idan takarda ta ce direba, mai ita kuwa bai taɓa riƙa sitiyari ba, tambaya biyu ta isa ta tona shi. Makiyayi ya ce kiwo ya iya, ya faɗi dabbobin da ya saba da su. Mai lambun Jiratawa ya faɗi yadda yake raba ruwa a fangali. Wanda bai ji tambaya ba ya ce: «Ranka ya daɗe, ban gane ba, a sake faɗi.» Ba laifi ba ne. Gyaɗa kai a kan abin da ba a ji ba, shi ne ke kai mutum ya baro. Wanda ba ya jin Faransanci ko Larabci ya tambaya tun da wuri ko ana yarda a shigo da tafinta.

Dillalai sun fi kowa cin amfanin wannan sha'ani. Wani zai zo ƙauye da babbar riga ya ce yana da hanya a ciki, a kawo kuɗi biza ta fito. Sai uba ya jinginar da gona, ko a kai sa kasuwa. Dillali ba ya buga biza. Ma'aikacin jakadanci kaɗai ke yanke hukunci. Idan dillali ya cusa takardar jabu cikin takardun mutum, sunan mai fasfo za a rubuta, kuma zanen yatsunsa na nan ajiye cikin na'ura ko da ya sake suna. Kuɗin neman biza kuma ba a mayar da su in an hana.

Samun biza ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A Saudiya baƙon ma'aikaci yana ƙarƙashin wanda ya ɗauko shi, ana ce masa kafili, shi ke nema masa katin zama da ake kira igama. A watan Maris 2021 aka sassauta dokar, aka ba ma'aikata da yawa damar sake wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa. Amma gyaran bai haɗa da ƴan aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona da makiyaya ba. Su ne kuwa ayyukan da aka fi kiran mutanen karkara dominsu.

Don haka kada a dangwala yatsa a takardar yarjejeniyar aiki sai an karanta ma mutum ita cikin harshen da yake ji: albashi, abinci, wurin kwana, ranar hutu, da wanda zai biya jirgin dawowa. A yi kwafin takardar da na fasfo a bar ma mahaifi ko babban wa a gida, tare da sunan kafili da garinsa. Nijar tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Mai tafiya ya rubuta lambar wayarsu a takarda, ya ajiye ta dabam da fasfo.