Yadda Ake Warware Tambayoyin Cryptic Crossword A Waya

Idan ka buɗe wasan cike gurbin kalmomi a shafin jaridar The Guardian ka ga tambayar ba kai ba gindi, ba Turancinka ne ya gaza ba. Wasan ya samo asali ne a Ingila a shekarun 1920, kuma da gangan ake shirya shi don ya ruɗe ka.

Yawancin tambayoyin kashi biyu ne: ma'anar amsar, wadda ke zuwa a farko ko a ƙarshe, sai wasa da haruffa. Duba wannan: "Gadget found in stable tent (6)". Kada ka ɓata lokaci kana tunanin bargar dawaki. "Gadget" ita ce ma'anar, "found in" na nuna amsar tana ɓoye cikin kalmomin da ke biye, 6 kuma adadin haruffa ne. Karanta sTABLE Tent a hankali, sai ga TABLET.

Wani lokaci hargitsa haruffa ake yi. A "Listen out for quiet (6)", kalmar "out" ce ke umartarka ka juya LISTEN ta koma SILENT. Gara sabon shiga ya fara da masu ɓoyayyar kalma, sun fi sauƙin kamawa.