Haƙori Ne, Aka Ce: Daren Da Gudawa Ta Kusa Raba Ni Da ’Yata

Lokacin hunturu ne, ’yata tana da wata tara. Amai ta fara da la’asar, kafin isha’i zawo ya biyo kamar ruwa, ga zazzaɓi. Surukata ta ce, “Haƙori ne, ’yar nan, ki kwantar da hankalinki.” Maƙwabciya kuma ta miƙo min Flagyl. Haka muke yi a zango.

Da asuba na lura tana kuka babu hawaye, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, tun dare ba ta yi fitsari ba. Muka garzaya asibiti a nan Kumasi, aka sa mata ƙarin ruwa.

Ma’aikaciyar jinya ta zaunar da ni, ta ce haƙori ba ya kawo irin wannan zawo. Yawanci ƙwayar birus ce, musamman rotabirus, wadda ke bin kashi ta hau hannu ta shiga baki, kuma ta fi yaɗuwa lokacin sanyi. Flagyl ba ya taɓa ta. Ƙarewar ruwan jiki ne ke kashe yaro.

Ga abin da na riƙe. Da zawo ya fara, a haɗa ORS yadda aka rubuta a ledarsa. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin cokali cikin lita 1, wato ledar fiya-wata 2. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Kada a janye nono. A haɗa da zinc kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

In an ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi, sai asibiti, komai dare.

Tun 2012 Gana ke ɗiga wa jarirai rigakafin rotabirus a wurin awo, daga sati 6. Ni sau ɗaya na kai ta, sana’a ta ɗauke min hankali. Laifina ne.

Yanzu akwai sabulu kusa da butarmu, don ɗauraye hannu da ruwa zalla bayan an wanke wa yaro kashi bai isa ba. Ƙaninta kuwa, surukar tawa ce da kanta ke tuna min ranar awo.