Koyar da Dabarun Sayar da Haja ta Hanyar Nazarin Matsalolin Kamfanoni

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata hanya ta koyar da dabarun sayar da haja wadda manyan makarantun kasuwanci suka daɗe suna bi, wato hanyar nazarin matsala. Abin da ya ja hankalinmu kuwa shi ne, ɗalibanmu da yawa sukan haddace ka'idojin fannin tsaf, su zuba su a takardar jarrabawa, amma da za a tambaye su yadda mai sabon sabulu zai shiga kasuwar da wasu suka riga suka mamaye, sai su yi zuru. Tun da yake waɗannan ɗalibai su ne za su koyar a makarantun sakandare gobe, gyaran ya zama wajibi.

2.0 Asalin Hanyar

Wannan hanya ta samo asali ne daga makarantar koyon shari'a ta Jami'ar Harvard a Amurka, inda Christopher Langdell ya fara koyar da ɗalibai da hukunce-hukuncen kotu na haƙiƙa a shekarar 1870. An kafa makarantar kasuwanci ta jami'ar a 1908, kuma lokacin da Wallace Donham, wanda shi kansa lauya ne, ya zama shugabanta a 1919, sai ya ƙarfafa bin wannan tafarki. Fannin sayar da haja yana cikin na farko da suka karɓe ta, domin a 1920 ne Melvin Copeland ya wallafa littafin matsalolin da 'yan kasuwa suka fuskanta, don ɗalibai su yi muhawara a kansu.

3.0 Yadda Ake Gudanar da Darasi

Abin da ake nufi da matsala a nan shi ne rubutaccen labari na wani kamfani da ya iso mararraba, tare da alƙaluman cinikinsa da bayanin abokan hamayyarsa. Labarin yakan tsaya ne daidai inda manaja zai yanke shawara, ba a faɗin abin da ya yi. Ɗalibi zai karanta shi kaɗai, sa'an nan ya tattauna da abokansa a ƙaramin rukuni, kana a haɗu a aji. Malami yakan zaɓi ɗalibi ɗaya ba zato ba tsammani ya ce ya buɗe magana, sauran su kawo suka ko goyon baya. Aikin malami shi ne tambaya da jan linzamin muhawara. A Harvard, ɗalibi yakan nazarci matsaloli wajen 500 cikin shekara biyu, kuma kusan rabin makinsa yana fitowa ne daga gudummawar da ya bayar a aji.

Hanyar ta dace da wannan fanni saboda dalili bayyananne. A 1960 Jerome McCarthy ya taƙaita aikin mai sayarwa cikin rukunai huɗu: haja, farashi, hanyar rarrabawa da talla. Haddace su abu ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen haɗa su, domin in an taɓa ɗaya sauran ukun sai sun motsa. Wanda ya rage farashi, alal misali, ya rage ribar dillali, dillali kuwa yana iya juya wa hajar baya. Irin wannan sarƙaƙiya ba ta fitowa fili sai a cikin labari na gaske.

4.0 Misalai Biyu

Misali na farko shi ne na kamfanin Coca-Cola. A watan Afrilu na 1985 ya canza ɗanɗanon lemonsa, bayan ya gwada sabon a bakin mutane kusan 200,000, mafi yawansu kuma suka fifita shi. Amma da hajar ta shiga kasuwa sai jama'a suka yi ca, har kamfanin ya dawo da tsohon bayan kwana 79. Tambayar da za a yi wa ɗalibi ita ce: ina binciken ya kuskure? Muhawara takan kai su ga gane cewa an auna ɗanɗano, amma ba a auna shaƙuwar mutane da abin da suka tashi da shi ba.

Misali na biyu ya fi zurfi. Kamfanin Honda na Japan ya shiga kasuwar babura ta Amurka a 1959, cikin 'yan shekaru kuma ya mamaye ta. A 1975 wani rahoto da kamfanin masu ba da shawara na Boston Consulting Group ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya ya bayyana nasarar a matsayin tsararren shiri: ƙera ƙananan babura da yawa don kuɗin ƙira ya sauka, sa'an nan a haura zuwa manya. Amma Richard Pascale ya zanta da jami'an Honda da suka yi aikin da kansu, ya wallafa abin da suka gaya masa a 1984. Ashe manyan babura suka je sayarwa, sai suka riƙa yoyon mai da lalacewa saboda doguwar tafiya da gudun da Amurkawa suke yi. Ƙaramin babur ɗin nan Super Cub, wanda ma'aikatan suke hawa zuwa aike, shi ne ya ɗauki idon mutane, kamfanin kuwa ya bi abin da kasuwa ta nuna masa.

Akan ba ɗalibai labarin farko su gama yaba hikimar shirin, kana a miƙa musu na biyu. Darussa biyu ke nan a lokaci guda: dabara takan tsiro daga lura da gyara kuskure, kuma wanda ya rubuta labari bayan an ci nasara yakan daidaita masa hanyar da ba haka take ba tun farko.

5.0 Matsalolin Aiwatarwa a Kwalejojinmu

Akwai cikas uku. Na farko, yawan ɗalibai a aji. Maganinsa shi ne raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kare matsayinsa. Na biyu, tarbiyyar kunya da ta hana yaro jayayya a gaban malami. Wannan sai malami ya nuna a fili cewa hujja ake saka wa maki. Na uku, wanda ya fi nauyi, yawancin labaran da ake da su na kamfanonin ƙetare ne. Alhali kuwa muna da namu. Yadda madarar Cowbell ta shiga kasuwar Nijeriya a 1993 cikin ƙananan ƙunshi, daidai aljihun mai saye kullum-kullum, ya isa darasi a kan haja da farashi. Haka nan tsarin dillanci da bashi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya isa darasi a kan rarrabawa. Gaskiya ne ɗan kasuwa ba ya son buɗe littafinsa, amma ana iya sakaya sunansa a riƙe ainihin matsalar.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga asalin wannan hanya da yadda take aiki da abin da ke iya hana ta tafiya a wurinmu. Ba mu ce a yi watsi da lacca ba, domin ɗalibin da bai san ka'ida ba babu abin da zai auna labari da shi. Shawararmu ita ce kowane sashen koyar da kasuwanci ya ɗora wa malamansa rubuta matsala ɗaya a shekara daga kasuwannin da ke kewaye da shi, a riƙa musayarsu tsakanin kwalejoji, a kuma ware wani kaso na maki domin muhawarar aji.